Zuwa ga Hajiya Manufar Fitar da Kayan Yaji Waje

Ranki ya daɗe,

Ina fatan kina lafiya a durowar da aka ajiye ki a Abuja. Yaya sanyin ofis?

Abin da ya sa na ɗauki biro: yau da safe mai shayin unguwarmu ya miƙo min kofi salam, ko ƙamshin citta babu. Da na yi magana sai ya ce yanzu citta kuɗinta daban, kamar ƙwai. A Kaduna fa! Jihar da Kachia da Jaba da Kagarko suka yi shekara da shekaru suna cika tireloli da busasshiyar citta zuwa Legas, daga can sai Indiya da Turai.

A daminar 2023 cuta ta shiga gonakin kudancin jihar, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. To Hajiya, tunda ba a taɓa ganinki a kunya ba, bari in sanar da ke: daga cittar da aka haƙa ake ware iri. Wanda tasa ta ruɓe ya yi asarar bana, ya yi ta baɗi. Iri mai lafiya yake nema, iri kawai. Me kika aiko masa? Kwamiti! A 2024 muka ji sanarwar naira biliyan 1.6, Allah ya saka da alheri, sai dai sanarwa ba ta tsiro. Kuma har yau ba kya jin nauyin tara mutane a otal kina yi musu lissafin dalolin da citta za ta kawo. Wace cittar? Ta ina?

Indiya ta kafa hukumar kayan yajinta a 1987, da ɗakunan gwajin kaya kafin su hau jirgi. Mu barkononmu a bakin kwalta yake shan ƙura, in Turawa suka ce ya yi fumfuna mu ce hassada ce. Shingayen hanyar Apapa kuwa, na bar ki da Allah.

Cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike ita ke da alhakin citta. Ki ba ta kuɗi ta yawaita iri mai lafiya, ya isa hannun manomi kafin ruwa ya sauka. Kada ki sake aiko mana da kwamiti.