Yatsun da Na Baro Yamai da Su

Taubashi, bawan gidanmu,

Ka gaida Inna da su Hajiya. Kuɗin da na aiko na lakkwal ɗin yara ne, kar in ji sun ƙare a wurin mai kilishi.

Ga labari. Kwali ya faɗo mini a ƙafa wurin aiki, babban yatsa ya kumbura ya zama albasar Galmi. Na je likita nan Girinsboro, na ce wa mai jinya "finga" ke mini ciwo, don haka aka koya mana a karatun dare. Baiwar Allah ta kama hannuwana tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kuɓewa a Wadata. Da na gaji na tuɓe takalmi na nuna mata. Ta ce, "To!" Na ce, "To." Ta sake cewa, "To!" Na ce, "To, madalla." Sai da muka yi to-to sau huɗu kafin in gane ashe sunan yatsan ƙafa ke nan a Turancinsu.

Ba su tsaya nan ba. Babban yatsan hannu wai "tam" ne, har wasu na rantsuwa shi ba finga ba ne. Ka lissafa: na baro Yamai da yatsu ashirin, yanzu takwas gare ni. Ko ɓarayin Katako ba su kai nan ba. In za su haɗa su duka sai su ce "dijit", kuma da ita ce suke kiran lamba. Ranar da ma'aikacin banki ya nemi dijit huɗu na ƙarshe, cusa hannuwana na yi cikin aljihu. Kaza kuma, wadda kowa ya san ba ta da hannu, ita ce ake sayar da fingarta a soye!

Mu da muka ce yatsa muka huta, wa ya fi mu hankali?

Ƙafa ta warke. Jiya na tuƙa tuwo, na sa dijit biyar a kwano, babu hannun kowa da zan ture. Har naka, mai wawure nama, na tuna.

In mai zuwa ya samu, a aiko mini da hoton Inna. Kar ka ce mini "to" ka manta, don yanzu in na ji kalmar nan ƙafata nake dubawa.

Ubangidanka na Amurka.