Biri Ma Ana Auna Masa Jini

Na san abin da za ku ce, mutanen Ƙofa, tun ban rufe baki ba. "Malam, mu da in an ce jininmu ya yi ƙasa sai mu dawo gida mu dafa zogale, kai kana mana zancen jinin biri?" To, ku gyara zama, don birin ma ba namu ba ne. Lemur ake ce masa, ɗan uwan biri ne na nesa, kuma tsibirin Madagaska kaɗai ne asalinsa. Wutsiyar wani irinsa zobe-zobe ce, fari da baƙi. A garkensu mace ce ke fara cin abinci, namiji na gefe yana jira. Alhaji, wannan kada ka kai shi cikin gida.

A Jami'ar Duke ta Amurka akwai cibiya sukutum, tun 1966 aikinta ke nan, kiwon waɗannan dabbobi. Likitoci kan ɗebi jinin masu ƙoshin lafiya, na daji da na gidan zu, su rubuta yawan jini da suga da aikin hanta da ƙoda. Na ji wani daga baya yana cewa, "Lafiyayye kuma? Kuɗi sun yi musu yawa." A'a, Baba. Dabba ba ta nuna maka inda ke mata ciwo, kuma in ba ka san adadin lafiyayye ba, takardar awon marar lafiya ba ta gaya maka komai. Awon ne ke tona asirin na gidan zu da ciwon suga ya kama, don ayabar gona ta fi 'ya'yan itacen daji zaƙi nesa ba kusa ba.

Kuma ku daina yi mini kallon baƙon abu. Bafulatanin Doguwa da saniyarsa ta rame, gashinta ya tashi, yana zargin sammore, me likitan dabbobi ke yi? Jini yake ɗiba ya juya a na'ura. Lafiyayyar saniya jajayen ƙwayoyin jininta kan kai kashi 24 zuwa 46 cikin ɗari. Da ya ga sun faɗo ƙasa, ya san akwai magana. Wani ne ya bi shanu masu lafiya ya samo wannan adadi.

Ga Dajin Falgore nan a bayan Tudun Wada, titin Jos ya ratsa shi, jan biri da bika na ciki. Birin Afirka kan ɗauki cutar shawara ya ci gaba da tsalle-tsallensa lafiya lau, sauro ya cije shi ya zo ya ciji mai saran itace ko makiyayi. Ido ba ya ganewa, sai jini. A watan Agustan 2019, mai shawarar da aka gano a Kano daga dajin Yankari ya dawo, can wajen birai. Yanzu fa, har yanzu dariya ce?

Saura wanda zai riƙe bika a soka masa allura. Masu aikin dai maganin barci suke harba masa daga nesa, amma in ba a samu ba, na ba da sunan mutanen Kiru, su kuma na tabbata za su ce na Bebeji su fara.