Jirgin Yaƙin da Na Saya a Gwanjo

Duk wanda ya tashi a Samaru ya saba da ƙarar jirgin sama kamar yadda ya saba da carar zakara. Kwalejin koyon tuƙin jirgi tana nan Zariya tun 1964, ƙananan jiragenta na ta shawagi a kanmu safe da yamma. Muna yara kowa motar kara yake ƙerawa ko ta langa-langa, ni kuwa jirgi nake haɗawa da karan dawa, har da farfela mai juyawa in iska ta kaɗa. Ba yabon kai ba, a layinmu ni ne injiniya.

Wannan tsohuwar taƙama ce ta ja ni ranar da na shiga kasuwar Sabon Gari neman wa ɗana takalmin makaranta. Cikin tsibin kayan wasan yara na gwanjo na hango wani kwali, an rubuta Airfix, ga hoton Spitfire, jirgin da Ingila ta tare jiragen Jamus da shi a 1940. Mai kayan ya buɗe kwalin, ya ga guntayen roba ruwan toka birjik, sai ransa ya ɓaci.

"Alhaji, wallahi ban san a karye yake ba. Kawo abin da ya sawwaƙa."

Ban gaya masa cewa haka ake sayar da shi ba, mai saye ne ke haɗawa. Allah ya yafe mini, ko da yake ina jin tun a nan duniya alhakinsa ya kama ni.

A jikin kwalin an sa 1:72, wato komai an rage shi sau 72. Fiffiken jirgin gaske ya ɗan haura mita 11 daga wannan baki zuwa wancan, nawa kuwa bai cika taƙi guda ba. Matuƙin, wani ɗan mutum-mutumi a zaune da hularsa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na sa reza na yanko shi, sai ya yi tsalle, fit! Kafin in miƙa hannu kazar uwargida ta cafke shi, ta haɗiye, ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya. Ko yaƙin ba a fara ba an ci mini soja.

Gam ɗin da ya zo cikin kwalin ya daskare kamar dutse, don haka na aika aka sayo mini sufa gulu wajen mai tebur. Na huda bakinsa da allura, na matsa, shiru. Na ƙara matsawa da ƙarfi. Nan take babban yatsana da manuni da fiffiken hagu suka zama 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Daidai lokacin ladan ya kira la'asar, ga gam ya hana ruwan alwala taɓa fata. Uwargida ta kawo ruwan ɗumi da sabulu, ta kawo man gyaɗa, ta kawo kananzir, tana murza tana cije leɓe kada dariya ta kuɓuce mata.

"Maigida, da fiffiken za ka tafi masallacin, ko in ajiye maka har ka dawo?"

Jam'i dai ya wuce ni. Da gari ya waye na tarar tururin gam ɗin ya bi murfin gilashin da ke kan mazaunin matuƙi ya mai da shi fari fat, kamar idon da yana ta rufe. Na ce ba komai, ai ba wanda zai leƙo daga ciki.

Saura fenti. Takardar ta ce kore mai duhu da ruwan ƙasa. Na shiga motar Sabon Gari, muka bi ta Kwangila, na sauka wajen wani mai fentin mota. Ya karɓi jirgin, ya juya shi sama da ƙasa, ya dubi furfurata.

"Na jikanka ne, Baba?"

Na ce na yaro ne. Ya tsiyaya mini kala biyu a gwangwanin madara, ya ƙara tina, wai don ya bi jiki. Ya kuwa bi jiki, don tinar fentin mota cin irin wannan robar take yi. Ina shafawa bayan jirgin ya yi laushi, ya yamutse kamar ganda a kan wuta. Garin neman gira na ɗora shi a kan katanga ya sha iska, ga shi tsakiyar hunturu. Ƙura ta yi masa bargo, ya bushe da kaushi irin na diddigen manomi.

Tamburan sojan saman Ingila, zagayen nan na shuɗi da fari da ja, a takarda suke zuwa, ana jiƙawa a ruwa su zame a manna. Nawa sun tsufa a gwanjo, ina tsomawa suka dagargaje a cikin kofi. Sai na ɗauki tsinken sakace na ɗiga kore, fari, kore. Rundunar sojan samanmu, wadda ita ma a 1964 aka kafa ta, ta tuƙa MiG, ta tuƙa Alpha Jet, amma ba ta taɓa mallakar Spitfire ba sai a gidana.

Na kira ɗana, wanda har yanzu da tsohon takalminsa yake zuwa makaranta, na ɗora masa a tafin hannu.

"Baba, yana tashi?"

"Ba ya tashi. Na kallo ne."

Ya daɗe yana dubansa. "To me za a kalla?"

Bayan kwana biyu muka yi baƙi daga Giwa, aka yanka kazar nan. Ina zaure na ji uwargida ta ƙwala kira daga madafa: "Maigida, zo ga direbanka!" Na same ta ta tsaga ƙundu, ga shi nan cikin tsakuwa da tsaki, zaune daram yadda ya tafi, sai dai babu kai. Na wanke shi da omo, na ɓamɓare murfin gilashin da reza, na zaunar da shi a kujerarsa. Ƙundun kuwa da aka soya, bisa al'ada, a kwanona aka sa.