Damisar Hajiya a Tsaunukan Sikotlan

Ana saura kwana uku in bar Kano zuwa Ingila karatu, Hajiya ta aika Kantin Kwari aka sayo mini bargo. Bargo ne na gaske, mai ruɓi biyu, ja wur, da hoton damisa kwance a tsakiyarsa tana kallon mutum kamar ya ci mata bashi. A filin jirgi sai da na sauke garin kunu da rabin kukar da aka ƙulla mini kafin sikeli ya yarda da shi. Hajiya ta ce, "Ƙasar sanyi za ka. Wannan shi ne uwarka, shi ne ubanka." Shekara shida ina Mancesta bargon nan bai taɓa ba ni kunya ba, sai ranar da na sa shi a mota.

Turawa suna da wata al'ada ta hutu: a ɗauko ƙaramar bas, a sa mata gado da murhun gas da wurin wanke kwano, iyali su shiga su yi ta yawo, inda dare ya yi musu nan ne gida. Direbobin tirela na hanyar Legas sun daɗe suna wannan rayuwa ba wanda ya kira ta hutu, amma a nan kuɗi ake biya a yi ta. A hutun rabin zango na ƙarshen Oktoba na ce da Maman Amira mu ma mu gwada. Na zaɓi hanyar da suke kira North Coast 500, wadda aka ƙaddamar a 2015, mil 516 da ke tashi daga Inbanes ta zagaye ƙuryar arewacin Sikotlan ta dawo. Na zaɓi Oktoba ne don an ce ƙananan ƙudajen nan masu cizo da ke addabar yankin da bazara sun mutu. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya kashe su ba.

Baturen da ya ba mu hayar motar, wata Volkswagen mai rufin da ake ɗagawa, ya nuna mana yadda kujerar baya take miƙewa ta zama gado. Sannan ya ce idan muna so zai haɗa mana da kayan kwanciya a kan fam 30. Na yi murmushin wanda ya san duniya, na ce muna da namu.

"Baban Amira, ka karɓa mana," in ji Maman Amira da Hausa, a hankali.

"Fam 30 a kan bargon da ban san wanda ya yi wa yawu ba? Allah ya sawwaƙe."

Da yammar ranar na je kanti na kashe fam 94.

Abin da ya ci kuɗin shi ne wata shimfiɗar soso da ake ɗorawa a kan katifa, irin wanda ake cewa yana riƙe siffar jikin mutum. Mai sayarwa ya ce asalinsa daga binciken hukumar NASA ta Amurka ne, tun 1966, don kujerun jirgi. Da jin haka na ga kaina kwance kamar ɗan sama jannati. Na sayi na gadon mutum biyu, faɗin santimita 135. Gadon motar, kamar yadda na auna daga baya, lokacin da awon ba shi da sauran amfani, bai kai 115 ba. Na ƙara da wata babbar ledar adana kaya mai zif da ƙaramin baki a gefe, wadda ake zuƙe iskar cikinta da injin shara. Na cusa bargon Hajiya da matasai uku a ciki, na kafa injin. Ina kallo damisar nan ta yamutse, ta lotse, ta koma kamar gurasa. Na kira mutanen gida su zo su ga ikon Allah da ikon ilimi. Ledar ta shige ƙarƙashin kujerar motar sumul, har da sauran wuri.

Maman Amira ba ta ce komai ba. Ta dai ɗauko mayafin nan nasu na Turawa mai cushe da zaren roba, ta duba takardar jikinsa, ta naɗe. Su mayafansu lamba gare su, tog suke kiranta, awon yadda abu yake riƙe ɗumi: 4.5 na bazara, 10.5 na tsaka-tsaki, 13.5 na tsananin hunturu. A nan Mancesta ma aka ƙirƙiro awon, a wata cibiyar binciken auduga, wajen shekarun 1940. Na ce mata bargon Hajiya ya fi ƙarfin lamba, kuma babu wuri. Ta ce to. Ashe ta cusa shi cikin rigar matashi ta ajiye a gefen Amira kamar filo.

Daren farko muka yada zango kusa da Inbanes, bayan tafiyar wuni guda. Na yanke ledar soson nan da ya zo a naɗe cikin kwali, ya fara numfashi yana miƙewa har ya hau jikin kabad ta gefe guda, ya jingina da ƙofa ta ɗaya gefen. Gadon ya zama kwarin kwalbati. Sai na buɗe bakin ledar bargo. Ta yi wani dogon huci, fuuu, damisa ta farfaɗo, ta cika motar har Amira ta ɓace a ciki muna jin dariyarta kawai.

Abin da mai kanti bai gaya mini ba shi ne wannan soso da ɗumi yake aiki. A ɗaki mai hita laushi ne da shi kamar tuwon shinkafa. A cikin sanyi kuwa daskarewa yake. Na faɗa kansa da ƙarfina ina jiran a karɓe ni, sai na ji kamar na faɗa kan dakalin ƙofar gida. Bayan kusan rabin sa'a, da ɗumin jikina ya ratsa shi, ya fara lotsawa daidai inda nake, na nutse cikin rami mai siffata. Duk lokacin da na juya sai in hau wani sabon dakalin mai sanyi, in sake jira daga farko.

Wajen ƙarfe biyu sanyi ya taso daga ƙasa, ta jikin ƙarfen motar. Na taɓa yin jaura a Jos, na ɗauka na san sanyi, ashe in ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Na tashi na rufe kowace kafar iska, har wata 'yar tagar sama na toshe da safa. Daga nan na miƙa hannu zan kunna murhun gas ya ɗan ɗumama mana wuri. Maman Amira ta riƙe mini hannu cikin duhu.

"Ka manta masu kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe lokacin hunturu? Haka ake wayar gari a fasa ƙofa."

Gaskiyarta. Iskar nan mai kisa ba ta da wari ba ta da launi, ko daga gawayi ta fito ko daga gas. Na janye hannuna, na koma ramina.

Da asuba wani abu mai sanyi ya ɗiga mini a goshi. Na ce shi ke nan, motar Bature tana yoyo, yau zan karɓi kuɗina. Na haska fitilar waya, sai ga rufi da gilasai duk sun yi gumi, ruwa na gangarowa layi-layi. Ba ruwan sama ba ne. Numfashinmu ne mu uku, wanda na hana fita, ya haɗu da ƙarfe mai sanyi ya koma raɓa. Na ɗaga soson, ƙarƙashinsa sharkaf. Bargon Hajiya kuwa ya sha ya ƙoshi, nauyinsa ya ƙaru, ya fara wani ƙanshi irin na tunkiyar da ruwa ya daka.

Nan aka zo ga ainihin maganar. Amira sai ta zauna a kujerarta da bel kafin mota ta motsa, kujerar kuma ita ce gadon. Wato kowace safiya duk abin da aka shimfiɗa sai an nema masa wurin zama. Na mayar da bargo cikin leda, na ja zif, na juya in ɗauko injin shara. Injin shara yana Mancesta, bayan ƙofar kicin. Na hau ledar da gwiwa, na kwanta a kanta, na yi birgima. Da na ga ba ci gaba, na kafa baki a bakin ledar na fara zuƙa da kaina. Zuƙa ta bakwai na fara ganin taurari.

"Sannu, Baban Amira. A kawo ruwa?"

Soson shi ma ya ƙi naɗuwa, don ya daskare. Da ƙyar na lanƙwasa shi gida biyu, na ɗaure da igiyar cajin waya da ɗankwalin Maman Amira, na tsayar da shi a bayan kujera, na jibga bargo a kansa. Madubin tsakiya babu abin da yake nuna mini sai idon damisa.

A haka muka nufi Applecross ta wata hanyar dutse mai suna Bealach na Bà, wadda ke hawa har mita 626 da kwana-kwana masu kaifi, faɗinta na mota ɗaya, sai 'yan wuraren rakuɓewa in an haɗu. A gangara wata tunkiya ta fito tsakiyar titi ta tsaya, irin tsayuwar mai gari. Na taka birki. Hitar mota ta riga ta ɗumama soson, ya samu ƙarfin jiki, ɗankwali ya kwance, ya miƙe tsam kamar wanda aka yi wa kirari, ya tunkuɗo bargon gaba. Sai kawai duniya ta yi ja. Ina riƙe da sitiyari, ƙafata a kan birki, kaina cikin cikin damisa, ina ta Innalillahi. Amira na ihun a sake. Da na yaye bargon, tunkiyar tana nan inda take, tana tuƙa.

A zangon daren nan wata tsohuwa da ke motar kusa da mu ta ga ina shanya bargo a kan shinge cikin yayyafi. Ta zo ta shafa shi ta ce kyakkyawa ne, irin na gida. Na gane zagi ne cikin ladabi. Ta kai ni ta nuna mini nata tsarin, ita da ta ce ta fi shekara talatin tana wannan yawo. Jakar barci guda, wadda ba ta ninkewa, cusa ta kawai take cikin buhunta da hannu. Bargon ulu siriri guda, don ulu ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi. Mayafinta na zaren roba ne, ba na gashin agwagwa ba, domin na gashin ya fi ɗumi da rashin nauyi amma da ya sha laima sai ya kwanta ya daina aiki, ga wuyar bushewa. Da rana duk tana cusa su cikin rigunan matasai ta jingina da su. Ta ce tagar sama a bar ta a ɗan buɗe komai sanyi, da safe kuma a ɗaga katifa ta sha iska. Ina juyowa na ga Maman Amira zaune a bakin ƙofa, ta jingina da rigar matashin nan da ta cusa mayafinta a ciki, tana shan shayi, tana kallon teku kamar ba ta ji komai ba.

Ban miƙa wuya nan take ba. Kwana biyu bayan haka na tarar da injin share mota a wani gidan mai, irin wanda ake jefa wa tsaba. Na jefa fam ɗaya, na durƙusa a tsakar gidan mai da ledata, mutane na shan mai suna satar kallona. Damisa ta sake komawa gurasa. Na ɗaga ta sama kamar kofin gasar ƙwallo, na tura ta ƙarƙashin kujera. Akwai cokali mai yatsu da Amira ta yar a wurin. Ba mu yi mil goma ba muka ji fuuu daga baya, a hankali, kujera ta fara ɗagowa.

Sauran kwanakin, uwa da 'ya suka kwana a ƙasa cikin mayafi mai lamba 13.5, suna minshari. Ni na sayi jakar barci a Ullapool, na hau gadon sama da hular sanyi da safa biyu. Bargon Hajiya ya ƙarasa zagayen Sikotlan zaune a kujerar gaba, ɗaure da bel, Maman Amira ta koma baya wajen 'yarta. Da muka mayar da mota, mai haya ya caje ni fam 40 kuɗin tsince jan gashin da ya manne a ko'ina.

Hajiya ta tambaye ni a waya ko bargon ya yi amfani. Na ce ai ko'ina muka je sai da aka yi maganarsa, kuma ban yi ƙarya ba. Soson NASA kuwa yana nan tsaye a bayan ƙofar falo, ya ƙi komawa kwalinsa. Duk ɗan uwan da ke Mancesta yake so, ya zo ya ɗauka kyauta, amma ya taho da igiya da mutum biyu.