Babbaka Ana Gobe Gaisuwar Surukai

Wanzamin gidanmu shi ya yi mini askin suna, shi ya cire mini beli, shi ya yi mini kaciya. Duk ƙarfen da ya taɓa jikina kafin in shekara bakwai daga zabirarsa ya fito. Amma da na fara karɓar albashi, sai na ga ai ba girmana ba ne in zauna a tabarma a ƙofar gida, tsoho ya riƙe mini kai kamar ƙwaryar fura yana wasa aska a tafin hannu. Na koma shago mai madubi da kujera mai juyawa. In muka haɗu a hanya ya ce, "Ɗan nan, gemun nan yana kirana," sai in yi dariya in wuce.

Ana gobe za mu tafi Zariya gaisuwar surukai, bayan isha'i na je gyaran fuska. Yaron shagon ya ɗora kilifa, ya share mini dama tas, daga saje har haɓa. Yana juyowa hagu aka ɗauke wuta. Janareto ba mai, kilifar caji kuwa tun la'asar ta mutu. Muka yi zaman jiran wuta har ƙarfe goma, na haƙura na fito, rabin fuskata na ango, rabi na mafarauci.

Tun 1903 da wani Ba'amurke mai suna King Gillette ya fara sayar da rezar da ake aski da ita a yar, kowane namiji mai madubi ya ɗauka shi ma wanzami ne. Shi a shekarar farko reza 168 kacal ya sayar, yau kuwa ba mai teburin da ba za ka samu a wurinsa ba. Na sayi guda, na shiga banɗaki da sabulun wanki da ruwan randa na lokacin hunturu, na cije waya a baki tana haska mini.

Ni kuma mai ƙurajen aski ne. Gashin irinmu a murɗe yake, in aka yanke shi ƙasa sosai sai ya lanƙwaso ya soki fatar da ya fito daga cikinta, wurin ya kumbura. Wuyana a lokacin kamar bayan kada. Rezar ba ta san ƙurji ba, ba ta san gashi ba, duk abin da ya ɗago kai sai ta fille shi. Ana cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa aske ƙarƙashin haɓa da fitilar waya ba.

Da na duba madubi, ga jini ga tsibiran gashi nan da can. Sai na kira aminina, wanda zai raka ni goben. Mutumin nan bai taɓa cewa bai sani ba a rayuwarsa. Cikin minti goma ya iso da wani ɗan gwangwani na hodar cire gashi, ya ce a Amurka ma baƙaƙen fata masu ƙuraje irina ita suke amfani da ita, ba ruwansu da reza. Nan dai gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba yana rubuce a jikin gwangwanin da ƙananan baƙaƙe: a fara gwadawa a ɗan wuri, kada a shafa a fatar da reza ta bi sai an kwana biyu, kada ta wuce 'yan mintoci a fuska. Duk na karanta wannan, amma washegari.

Muka dama ta kamar koko. Wari ya tashi irin na ruɓaɓɓen ƙwai, har Inna ta ɗago murya daga ɗaki tana tambayar ko ɓera ne ya mutu a bayan randa. Aikin hodar shi ne ta narkar da gashi, to gashi da saman fata kuwa asalinsu ɗaya, in ta gama da wannan sai ta juya kan wancan. Aminina ya lafta mini ita da bayan cokali, ya ce, "Bar ta ta daɗe, ta fi ci." Ya yi sallama ya tafi abinsa.

Yana fita wayata ta yi ƙara. Ita ce, wadda zan aura. Wa zai ƙi ɗauka ana gobe zai je gidansu? Ta fara lissafa mini baffanni da kawunnai, wanda za a fara gaisarwa da wanda ba ya son a zauna masa a kujera. A baffa na biyu na ji kamar an barbaɗa mini yaji. A kawu na uku na ji an hura gawayi. Ta ce, "Me ya sa muryarka take rawa?" Na ce shauƙi ne. Ta ji daɗi, ta ƙara mini minti goma.

Tana ajiyewa na tsoma kai cikin bokiti. Gashi ya tafi, fata ma ta raka shi. Ƙanena, mai gashi uku a haɓa, ya tsaya yana kallona, sannan ya je ya ɗebo ruwa a buta ya shafa wa nasa, don kar in ce bai san karin magana ba. Saura shawara ɗaya da aminina ya bar mini, wai in shafa turare don kashe ƙwayoyin cuta. Ihun da na yi, maƙwabcinmu da gora ya fito.

Ana sallame asuba ina durƙushe a ƙofar wanzami. Ya kama haɓata da yatsa biyu, ya juya dama, ya juya hagu.

"Wa ya yi maka wannan aikin?"

"Ni ne, Baba."

"Ko mahauta in za su babbake kai, sai sun yanka ragon tukuna."

Ya shafa mini man kaɗanya yana faɗa a hankali: ruwan ɗumi ake fara sawa, a bi gashi ta inda ya kwanta, aska kuma ba ta bin wuri sau biyu. Can ya tsaya. Ashe a ƙarƙashin kunnena na hagu akwai wani ɗan tsiro da ya tsallake kilifa, ya tsallake reza, ya tsallake hoda. Ya zaro aska, shafa ɗaya, ya ɗauke shi. Ya karɓi kuɗin cikakken aski.

Na tono takunkumin da ya rage mini tun korona ta 2020 na ɗaura. A Tudun Wada muka tuɓe takalma muka durƙusa, kaina a ƙasa, ban ɗago ko sau ɗaya ba. Ina jin wani baffa yana cewa rabon da ya ga yaro mai kunya haka an daɗe. Har na fara murna, sai aka ce mu shiga ciki mu gai da kakarta.

"Kai, cire wannan tsumman in ga mijin nawa."

Na cire. Tsohuwa ta matso da fuska, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juya ta ƙwala wa jikarta kira: "Ke, zo ki ɗauki abinki, na bar miki. An riga an babbake, saura farfesu."

'Ya'yanmu biyu yanzu. In na je Zariya, tun daga zaure take aiko yara su tambaya ko Kan Rago ne ya iso.