Kiwon Tautau a Gidan Ƙasa

Ɗan yayana da ke karatu a Jamus shi ya jawo mini. Ya kira ni ta WhatsApp bayan isha'i, ya ce, "Baba ƙarami, tsaya ka ga abin da abokin zamana yake kiwo." Na zaci kyanwa zan gani, ko aku. Da ya juya wayar sai ga akwatunan gilashi jere a kan kanta, kowanne da tautau a ciki, gashi buzu-buzu, faɗin tafin hannu. Na yi a'uziyya. Yaron ya ce tarantula ake ce musu, kuma saye ake yi da kuɗi, har kasuwa ake ci a wani gari wai shi Hamm, inda masu macizai da kunamu da gizo-gizo ke baje kolinsu.

Zancen launi ne ya tsaya mini a rai. Shi wannan Bajamushe ba ya son masu ƙyalli. Akwai shuɗi na Indiya, akwai mai jan gwiwa na Meksiko, duk ya ce kwalliyarsu ta yi yawa. Nasa masu launin ƙasa ne: ɗaya ruwan yashi daga hamadar Arizona ta Amurka, ɗaya ruwan ƙasa mai murɗaɗɗen gashi daga Nikaragwa, sai wata baƙa ƙirin daga Brazil. Wai sun dace da fentin ɗakinsa, ga sanyin hali, kuma macen tana iya haura shekara 20 a duniya ba ta nemi komai ba sai gyare da ɗan ruwa. Ya faɗi kuɗin baƙar da Yuro. Na ninka da 656 a zuci, sefar da ta fito ta isa tunkiya.

Daren nan barci ya ƙaurace mini. Mu a Tasawa me muka tara in ba launin ƙasa ba? Bango ƙasa, katanga ƙasa, in hunturu ya buso har gashin gira ƙasa. In dai gizo mai kalar ƙura ke kawo Yuro, ashe a kan arziki muke kwana, gari ya waye mu bi shi da takalmi.

Ban so a sani a unguwa, don haka na nufi ƙauyen kawuna a ƙasar Mayahi, bakin Gulbin Kaba, inda goriba ta yi yawa, ganyen kaba kuma jibge a bayan kowane gida ana jiran masu saƙar tabarma. Duk wani abu mai ƙafafu da yawa yana samun mafaka a irin wannan jibgi, da ƙarƙashin rumbu. Na tara yara na yi shela: wanda ya kawo tautau babba, mai rai, mai launin ƙasa, dala ashirin. Kafin la'asar an kawo mini ƙananan gizo-gizo na bango, da buzuzu, da kunama biyu a gwangwani ɗaya suna dambe, har da wani ƙadangare da mai shi ya rantse launinsa ya cika sharaɗi. Kawu yana gindin gawo yana kallo. Da yaran suka watse ya kira ni gefe, ya sassauta murya.

"Ɗana, in aikin birni ya ƙare, ka dawo gona. Ba abin kunya ba ne."

Da almuru wani yaro ya zo da gwangwanin tumatir, abu yana karce shi daga ciki. Na leƙa. Ruwan yashi sak, gashi tsaye cirko-cirko, baki kuwa rabin jikinsa ne. Ko na Arizona bai kai shi kalar ƙasa ba. Na ba yaron jika guda ba tare da ciniki ba, abin da ya sa kawu ya tashi ya shiga gida.

A motar komawa na rungume robar alewa da na juye shi ciki, na lulluɓe da rawani. Wata tsohuwa kusa da ni ta ji motsi, ta ce mene ne. Na ce magani. Ta ce maganin me? Na ce talauci. Ta ce Allah ya sa a dace, ta ja jikarta ta mayar ɗaya gefen.

An ce sai an bar musu iska, sai na cire murfin, na yanko ƙyalle daga gindin gidan sauron uwargida, na ɗaure bakin robar da shi. Na aje a zaure, na sa yara suka kamo fara mai rai. Cin nan nasa abin kallo ne. Bakin gida biyu ne, kowane gefe da nasa almakashi, ɗaya ya riƙe ɗaya ya yanka, suna karɓa-karɓa, kana jin ƙaras-ƙaras daga ƙofa. Kan a ce kwabo, farar ta koma fukafukai da ƙafa ɗaya. Na yi murna da wannan ƙoshin lafiya, na ɗauki hoto. Ban kawo a raina cewa bakin da ya yanka sulken fara ba zai tsaya shawara da gidan sauro ba.

Da asuba na tarar da roba, da rami a ƙyalle, ba tautau.

A nan ne zaɓen launi ya nuna amfaninsa. Zaure na ƙasa, daɓe na yashi, tabarma ta kaba, buhunan gero a kusurwa. Da shuɗin Indiya ne, ko mai ciwon ido zai hango shi daga bakin titi. Nawa kuwa ko'ina na duba shi ne, kuma ko'ina ba shi ba ne. Na doki ɓawon gyaɗa, na doki ƙullin igiya. Dole na faɗa wa mutanen gida. Inna ta ce fitsarin tautau ke sa ƙuraje su yi wa mutum ɗamara, ta kwashe jikoki ta yi gidan maƙwabta. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta tsaya tana auna ramin gidan sauronta da tafin hannu.

Sai da rana ta take ya fito, daga ƙarƙashin buhu, ya tsaya tsakar gida. Muka dubi juna. Ya taho. Na ja da baya, ya ƙaro gudu. Na kewaya turmi, ya kewayo. Na yi wajen randa, yana bayana kamar mai bin bashi ranar kasuwa. Takalmi ɗaya ya fita, hula ta faɗa kwatami, yaran maƙwabta sun hau katanga suna ihu wai Gizo ya biyo Baba. Ni da na aurar da 'ya, sai ga ni a kan turmi na tattare riga. Shi kuma ya zo ya lafe a inuwar turmin ya yi shiru. Kazar uwargida ce ta tako a natse, ta karkata kai, ta yi sara ɗaya, ta tafi da jikata guda a baki.

Da yamma na kai hoton wurin maƙwabcinmu, malamin kimiyyar halittu a lise. Na ce, "Mushe, dubi abin da kaza ta cinye mini." Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce wannan ba tarantula ba ne, ba ma gizo-gizo ba ne, ɗan uwansu ne kawai na ƙasashen rairayi. Ba ya saƙa, ba shi da dafi, bai cika wuce shekara guda ba, kuma ba ni yake bi ba, inuwata yake nema saboda zafin rana. Na ce da ya yi sallama ai da na tsaya masa.

Mushe ya ƙara da cewa launi ba ya nuna hali. Masu haƙurin nan na Bajamushe 'yan nahiyar Amurka ne, in an dame su gashin cikinsu suke karkaɗowa mai sa ƙaiƙayi. Na Afirka ba su da wannan gashi, sai gudu da cizo. Akwai wata mai launin toka da ke zaune a itatuwa wajen Togo da Gana, tana cikin waɗanda masu kiwon kansu suke shakka, cizonta na sa jijiyoyi su ɗaure. Ko ka samu na gaske za ka sayar a waje, ga takardun fitarwa, ga na shiga; a Faransa ma sai da takardar izini ta musamman ake aje irinsu a gida.

Na sayi sabon gidan sauro. Inna ta dawo bayan an share zaure an yi turare. Abin da na manta shi ne ban janye shelar da na yi a ƙauye ba. Shekaranjiya kamashon tasha ya kira ni, ya ce kawu ya aiko da kwali daga Mayahi, da takardar sunayen yaran da suke bina kuɗi. Ya ce in hanzarta, don kwalin yana motsi, kuma fasinjoji sun ƙi zama a benci.