Masu Ba Baƙar Giyar Beljiyam Shaida

A ƙasar Beljiyam akwai wata irin giya mai duhu, tsakanin ja da baƙi, wadda ƙarfinta ya ninka na giyar da ta cika kasuwannin duniya. Rochefort 10 tana da kashi 11.3 cikin ɗari na barasa, Westvleteren 12 tana da 10.2, Chimay mai shuɗin tambari tana da 9, alhali giyar gama-gari ba ta cika wuce 5 ba. Duka ukun a gidajen sufayen Katolika na ɗariƙar Trappist ake dafa su, kuma yanzu kamfanoni da dama a Beljiyam da Amurka suna kwaikwayon salon, wasu har da hatsin da aka noma ba takin zamani ba feshi, su manna wa kwalbar tambarin "bio". A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar ƙasar cikin jerin al'adun gado na duniya, ka ga kuwa ba abin wasa ba ne a wurinsu. Amma abin da ya fi giyar kanta ban kallo shi ne rundunar mutanen da suka ɗora wa kansu aikin ba ta shaida: a zuba, a shinshina, a kurɓa, a zauna a rubuta abin da aka ji. Kwalba ɗaya ce, amma kowa da abin da ya tsinto a cikinta, kuma in ka gama karanta shaidar za ka san halin mai shaidar ciki da bai, giyar kuwa ɗan abin da ka ƙaru da shi bai taka kara ya karya ba.

Shugaban rundunar shi ne Mai Dogon Hanci. Ba ya kurɓa sai ya cusa hanci cikin kofi, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya kada wani ya yi tari. Daga nan sai lissafi: zabibi, ɓaure, dabino, ayaba, kanumfari, cakulan, burodin da ya ɗan ƙone. In ya ga an yi tsit ana saurarensa, sai ya zarce zuwa tsohuwar jakar fata, ganyen taba, da akwatin kayan kakarsa. Ba mai iya musa masa, tunda ba wanda ya taɓa shinshina akwatin kakar tasa. Alhali ko ƙwayar zabibi ɗaya ba a jefa cikin tukunyar ba. Galibi ruwa ne da tsiron sha'ir da sukari da yisti da furen hop mai ɗaci. Wannan salon magana ya bazu ne ta hannun marubuta irin su Michael Jackson, Baturen Ingila, ba mawaƙin nan ba, wanda littafinsa kan giyar Beljiyam ya fito a 1991. Shi dai ya san inda zai tsaya. Almajiransa ne suka ɗauki karatun suka wuce malam.

Wani zai ce ai bawan Allah ba ƙarya yake shirgawa ba, kuma da gaskiyar mai cewa haka, amma rabi. Yistin Beljiyam, in an bar shi ya yi aiki cikin ɗumi, yana fitar da sinadarin da ke ba ayaba ƙamshinta, da wani kuma mai ƙamshin kanumfari. Sha'ir da aka gasa da sukarin da aka dafa har ya yi baƙi su ne ke kawo abin da ya yi kama da zabibi da dabino. Tun shekarun 1970 wani masanin kimiyya ɗan Denmark, Morten Meilgaard, ya tsara jadawalin ɗanɗanon giya domin masu sana'ar su riƙa kiran abu ɗaya da suna ɗaya. Saboda haka farkon lissafin Mai Dogon Hanci yana da gindi. Matsalar ita ce hanci ba shi kaɗai yake aiki ba, ido na yi masa raɗa. A 2001 masu bincike a Bordeaux ta Faransa suka rina farin ruwan inabi ya koma ja da launin da ba shi da wari, suka ba ɗalibai 54 masu koyon wannan fanni, ɗaliban suka siffanta shi da kalmomin da ake siffanta ja. To wanda aka miƙa wa kofi baƙi ƙirin, wane ɗan itace zai fara faɗo masa a rai in ba busasshen baƙi ba?

Kusa da shi kullum akwai Ɗan Amshin Shata. Shi ba ya jin komai sai an faɗa. A ce ɓaure, sai ya sake kurɓa ya kaɗa kai, wai yanzu ya ji shi can ƙasa-ƙasa. Da za a ce kifi ma zai ji. Kada a ɗauke shi maƙaryaci, domin da gaske abin da aka faɗa wa mutum kafin ya sha yana sauya abin da harshensa zai gaya masa. A wani gwaji da Dan Ariely da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, an ɗiga ruwan tsami a cikin giya aka ba mutane a Amurka. Waɗanda ba su san da shi ba akasarinsu suka fi son mai tsamin. Waɗanda aka gaya wa tun kafin su kurɓa akasarinsu suka ƙi ta. Giya ɗaya, labari daban. Akwai kuma Mai Ƙa'ida, wanda rigimarsa ke farawa tun ba a buɗe kwalba ba: kofin ba mai faɗin baki da doguwar ƙafa ba ne, an sanyaya ta fiye da kima, an tuttule ta har da laka-lakan yistin da ke gindin kwalba. Akwai hujja a bayan kowace ƙa'ida, domin sanyi yana danne ƙamshi, faɗin baki kuma yana sake shi. Amma shaidar Mai Ƙa'ida takan ƙare a kan laifin mai hidima, giyar ba ta samu shiga ba.

Wanda ya fi cancantar a zauna a kansa shi ne Mai Bio. Da ya ga koren tambarin Tarayyar Turai, ganyen nan da aka zana da taurari, sai fuskarsa ta sake. Kurɓa ɗaya zai ce yana jin tsabtar ƙasa, yana jin iskar gona, babu wannan "ɗacin sinadari" da ke cikin sauran. A duba abin da tambarin yake nufi. Dokar Tarayyar da ta fara aiki a 2022 ta ce aƙalla kashi 95 cikin ɗari na kayan gonar da aka yi amfani da su sai sun fito daga noman da babu takin zamani da feshin sinadarai na zamani. Ruwa, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin kwalbar, ba ya cikin lissafi. Sha'ir ɗin kuwa kafin ya iso kofi an jiƙa shi, ya tsira, an busar, an gasa, an niƙa, an dama da ruwan zafi, an tafasa romon na awa guda ko fiye, yisti ya yi kwanaki yana cin sukarinsa, an sake zuba sukari da yisti a kwalba ya ƙara tashi. Harshen da zai ratsa duk waɗannan ya gano irin takin da aka zuba a gona bara, ya kamata a ɗauke shi aiki a ɗakin gwaji a sallami injuna. A 2013 masu bincike a ƙasar Suwidin suka ba mutane kofi biyu na gahawa iri ɗaya sak, suka ce ɗaya an noma shi ta hanyar kare muhalli, kuma masu damuwa da muhalli suka ce wannan ɗin ya fi daɗi.

Za a ce to laifi ne mutum ya zaɓi abin da aka noma ba feshi? Ko kusa. Kamfanin Dupont da ke Tourpes a lardin Hainaut ya fara yin giyar "bio" tun 1990, tun abin bai zama yayi ba, kuma rage feshi alheri ne ga ƙasa da ruwa da ƙudan zuma da manomin da ke saɓa tankin feshin a baya. Wannan hujja ce mai kyau, sai dai hujjar gona ce, Mai Bio kuwa yana son ya mai da ita hujjar harshe. Inda ya fi ba da dariya shi ne in ya fara zancen lafiya, yana shafa ciki wai wannan ba ta cutarwa. Kwalbar da ke da kashi 11 ta fi kwalba biyu ta giyar gama-gari masu girmanta barasa, kuma tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar. Hanta ba ta iya karanta tambari ba.

Sai Maharbi, wanda daɗin abu a wurinsa gwargwadon wahalar samunsa. Shi da Westvleteren 12 sai Allah. Sufayen gidan Sint-Sixtus ba sa yin ta da yawa, kuma tun da masu ba da maki suka naɗa ta sarauniyar giyar duniya a 2005, aka shekara da shekaru sai mutum ya yi ta buga waya kafin ya samu layi, ya ba da lambar motarsa, a yanka masa rana, a ƙayyade masa abin da zai saya, bisa sharaɗin ba zai sayar ba. Sai a 2019 aka mai da rajistar ta intanet, bayan wani babban kanti a Holan ya jera dubban kwalabenta a 2018 yana sayar da kowace kusan yuro 10 ba da sanin sufayen ba. Maharbi zai ba ka labarin hanya da layi da lambar mota na rabin awa, ɗanɗano kuma ya taƙaita shi da cewa ba a iya faɗa. 'Yan kilomitoci daga nan, a Watou, ana yin St. Bernardus Abt 12, a kamfanin da ya yi wa sufayen giyar kasuwa bisa lasisi daga 1946 zuwa 1992. Yau yistinsu ba ɗaya ba ne, don haka bambanci akwai shi. Amma wannan ana samunta a kanti ba waya ba alƙawari, kuma laifinta ke nan a wurin Maharbi. Tun 1964 wani bincike na Allison da Uhl a Amurka ya nuna mashaya ba su iya gane giyar da suke rantsuwa da ita ba da aka cire takardar kwalba, da aka mayar kuma sai makinta ya tashi.

Ƙanin Maharbi shi ne Mai Ajiya. Gaskiya ne irin wannan giya tana sauyawa a kwalba, kaifinta ya kwanta, zaƙinta ya zurfafa, in an wuce gona da iri kuma ta koma warin jiƙaƙƙen kwali. Shi dai duk ranar da ka tambaye shi, ba ta nuna ba tukuna, a ƙara mata shekara biyu. Shaidarsa duk ta gaibu ce, kuma magada ne za su ji ko ya yi daidai. Mai Maki kuwa ya rage duniya zuwa lamba: 4.25 cikin 5, kuma zai iya ɓata da aboki a kan 0.25 ɗin. Na ƙarshe a layi ba wani mutum ba ne daban, kowane daga cikinsu ne bayan kwalba ta uku. Masu ɗanɗanar ruwan inabi sukan tofar, masu giya kuwa haɗiyewa suke, domin ɗaci da abin da ke biyo baya sai an haɗiye ake jin su sosai. Shi ya sa shaidar farko takan cika shafi, ta biyu layi huɗu, ta uku kuma kalma ɗaya da ba ta karantuwa, sai alamar motsin rai uku.

Mai karatu wanda addininsa ya haramta masa giya, bai taɓa kusantarta ba kuma ba shi da niyya, zai iya cewa ina ruwansa da wannan runduna. Ruwansa shi ne ya san su duka. Ya zauna wata rana a shagon mai turare ya saurari musu a kan wane ne na asali: ga mai jin itace bakwai a ɗigo ɗaya, ga mai kaɗa kai, ga wanda ba ya yarda da kwalba sai an ce da ƙyar aka samo ta. Halin na ɗan Adam ne, giyar Beljiyam dai ta ba shi filin baje koli, domin tana da ƙamshi iri-iri da suna da tsada da tarihin sufaye, duk a kwalba ɗaya.

Saura ƙorafi mafi nauyi: in haka ne, ashe ɗanɗano duk tatsuniya ce? A'a. Manyan kamfanonin giya suna da kwamitin ƙwararru da ake horarwa wata da watanni, a zaunar da kowa a ɗan lungunsa, a ba shi kofi mai lamba ba suna, wani lokaci ma baƙin kofi don kada ido ya sa baki. Irin waɗannan suna gano warin man shanu da ke nuna yisti bai gama aikinsa ba, suna gano iskar da ta shiga kwalba, kuma in an sake ba su abu ɗaya sukan maimaita hukuncinsu. Harshensu ba na aljanu ba ne. An dai ɗauke musu tambari da farashi da 'yan kallo, abubuwa ukun da rundunarmu ba ta iya aiki sai da su. A 2024 masana a jami'ar Leuven, ƙarƙashin Kevin Verstrepen, suka wallafa bincike kan giya 250 ta Beljiyam: suka auna sinadarai fiye da 200 a kowace, suka sa kwamitin ƙwararru ya ɗanɗana ba tare da sanin suna ba, suka kuma tattara shaidar jama'a fiye da 180,000. Suka tarar makin jama'a yana bin farashin kwalba fiye da yadda makin ƙwararrun yake bin sa.